Babanmu ya ce ba ruwansa da intanet: ya tsira ke nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Hankalina na tashi da yadda komai ke komawa intanet: banki, jarrabawa, har kuɗin makaranta. Mahaifinmu ɗan kasuwar hatsi ne, ya haura sittin, ya ce ƙaramar wayarsa ta ishe shi, babu mai cutarsa tunda bai taɓa sayen data ba. Gaskiyarsa ce? Kuma ina wannan abu zai kai mu? Daga mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Inda za mu ba ɓoyayye ba ne. A 2001 aka fara GSM a Najeriya, a 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, a 2022 aka kunna 5G, sannan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura har mai shayi karɓar tiransifa. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, mutanen da ba su san kalmar intanet ba sun tsaya cirko-cirko gaban masu POS. Nan gaba duk wata takarda da ke tsakaninka da hukuma ko banki, lambar wayarka ce za ta zama ƙofarta.

Maganar Baba kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, kuskure ce da ke cin dukiyar dattawa. Shi bai shiga intanet ba, amma an daɗe da shigar da shi. Ranar da ya dangwala yatsa aka ba shi BVN, da ranar da aka haɗa layinsa da NIN, sunansa da hotonsa da ranar haihuwarsa suka koma cikin na'ura. Makullin wannan rumbu duka ɗan sim ɗin nan ne da ke cikin rakani-kashin da yake ajiyewa kan buhun masara in zai yi alwala.

Ɓarawon yanzu wayar ba ta dame shi ba. Sim yake cirewa ya sa a tasa. Duk wanda ke riƙe da layin, in ya danna *565*0#, BVN zai fito masa, alat kuma ya nuna masa bankin. Daga nan lambar sirrin da banki ko manhajar bashi ke turowa don tantance mai asusu, hannunsa za ta faɗa. Sai a wayi gari an ci bashi da sunan mutumin da ko karatun boko bai yi ba. Ba sai Baba ya sayi data ko ta sisi ba kafin a yi masa wannan aiki.

Akwai kuma layin da aka yar. Mutum ya sayi sabo ya jefa tsohon a aljihun tsohuwar riga, alhali da shi ya buɗe asusu. In layi ya yi wata shida ba a mora ba sai a rufe shi, in ya ƙara wasu shida kamfani na iya sayar wa wani. Sabon mai layin ya riƙa karɓar alat ɗin Baba yana zaune. Abin takaici, zuwa canza lamba a banki kan zama wahala: cike wannan fom, kawo wancan kati, yau babu sabis, dawo jibi. Mutum ya gaji ya bari. Kada ku bari.

Ga abin yi, yau ba gobe ba. A sa wa sim ɗin kansa PIN, ba makullin fuskar waya ba. Yana cikin saitin tsaro ko a ƙaramar waya. A kula: kuskure uku yana kulle shi sai da PUK, lamba takwas da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, kuskuren PUK goma kuma ya kashe sim ɗin har abada. Don haka a nemo katin kafin a fara. A tambayi banki lambar rufe asusu da ake iya dannawa daga wayar wani, a rubuta a takarda a gida. In waya ta ɓace, asusu ake fara rufewa, sannan layi, sannan a je ofishin kamfani da NIN a yi walkam-bak, wato a karɓi sabon sim mai tsohuwar lambar.

Sai masu kira su ce daga banki ne, ko daga ofishin tallafi, "karanto mana lambar da ta shigo yanzu". Babu bankin da ke tambayar wannan. Da yaran bakin kasuwa masu "gyara BVN" ko "haɗa NIN" a ɗari biyar, suna kwafe lambobin mutane a littafi kamar masu rubuta bashin goro. Wa ya san inda littafin ke kwana? Yanzu ma har muryar mutum na'ura ke kwaikwaya, don haka in an kira Baba da muryarka ana kukan a turo kuɗi, ya kashe, ya kira lambarka da ya sani. Ku 'ya'yansa ku ne da alhakin zaunar da shi ku nuna masa, cikin ladabi, bayan sallar isha'i in kasuwa ta tashi. A fara da PIN ɗin, minti biyu ne.