Kan Jirgin da Ke Ajiye a Minna

Malam, ka tambayi asalin ɗan ƙaramin kan jirgin nan da ke ajiye a tashar Minna. Na layin Wushishi ne, wanda aka buɗe a 1901 zamanin Lugga, don ɗauko kaya daga bakin kogin Kaduna zuwa Zungeru. Kamfanin Hunslet na Leeds a Ingila ne ya ƙera shi da ɗan'uwansa. Siririn dogo suke bi, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6.

Da babban dogo ya iso Zungeru, sai aka tumɓuke ƙarafan aka kai layin Zariya zuwa Bukuru saboda kuza, layin da aka rufe a 1957. Wallahi ya kamata a riƙa kai 'yan makaranta su gan shi, domin a kan dogonsa jirgin ƙasa ya fara gudu a Arewa.