Kafin ka hau motar Ikko saboda hoton roka

Ƙanena, saƙonka ya iso, na uku ke nan a wata ɗaya. Ka ga hoton rokar da na haɗa, kana so ka baro Kano ka zo Legas in koya maka, wai an ce masu kuɗi da dala suke biya. Wa ya ce maka dala?

Wadda ka gani ɗin Saturn V ce, irin wadda ta ɗaga da 'yan sama jannatin Apollo 11 zuwa duniyar wata a Yulin 1969. Ta gasken tsayinta mita 110 ne. Tawa ta kamfanin Revell ce, kashi 1 cikin 96 na girman waccan, mita ɗaya da 'yan kai. A kwali take zuwa, gutsattsarin roba maƙale da firam, kowanne sai ka yanke shi da reza, ka goge bakinsa da samfefa, ka gwada shi a mazauninsa kafin gam ya matso kusa. Shi kuma gam ɗin narkar da robar yake yi. Ɗigo ɗaya ya zarce ka sa yatsa, zanen yatsan nan ya zauna ke nan. Ga daminar Legas, iska jiƙe sharkaf, farin fenti ya yi hazo ya ƙi bushewa, in kuma ka kasa haƙuri ka taɓa, sai kankara daga farko.

Mako uku ta ci mini. Mai ita a Lekki yake, ya turo direba. Na ce a bari in raba ta hawa-hawa in naɗe, tunda hawa uku ce, ya ce sauri yake, ya kwantar da ita a but. Rana ta dake su a cunkoson gadar Third Mainland, da suka isa siririyar hasumiyar da ke can ƙololuwa ta karye. Maigidan ya kira ni yana faɗa, "aboki" sama "aboki" ƙasa. Shekara tara ina garin nan, har yau in an kira ni haka da irin wannan murya sai na ji a ƙirjina. Mutumin da ya yi ta zaryar shagona, sunana ma bai riƙe ba.

Na karɓo ta. Ragowar firam na kara a saman kyandir, da ta yi laushi na ja ta ta zama kamar tsinken tsintsiya, na yanka ƙanana na sake ƙera hasumiyar da hantsaki, dare biyu da fitilar waya don ba wuta. Ko maigidan bai gane inda ta karye ba. Cikon kuɗina kuwa har yau "gobe".

Kuma ka sani, ba roka ke ciyar da ni ba. Ƙananan samfurin gidaje nake yi wa masu zanen gini, da shi nake biyan hayar ɗakina a Agege, hayar da ake karɓar ta shekara gaba ɗaya, ban da na ejan. Roka sai jefi-jefi. Kwalin da fentin duk daga waje ake sayo su, tun da aka saki naira a 2023 kuwa masu sha'awar suka ja baya. Kada ka ce za ka taɓa acaba kafin aiki ya kankama, tun 2022 aka hana shi a su Ikeja da Surulere.

Akwai wani ƙaramin kumbo a nan da mai shi ya fasa karɓa. Zan ba direban motar Kano ya kawo maka, da gam da samfefa. Ka haɗa shi, ka turo mini hotonsa ta kusa, inda ɓari biyu suka haɗu nake son gani. Ka gaida Inna, kuma zancen cikon kuɗin nan kada ya kai kunnenta.