Birkin hannu mai rauni zai wuce gwajin lafiyar mota?

Malam, kan tambayarka cewa birkin hannun Camry ɗinka sai ka ja shi har ƙarshe kafin ya ɗan kama, ko zai wuce gwajin VIO, wato jami'an duba lafiyar motoci, gaskiya ya danganta da inda za ka kai ta. In cibiyar gwaji ta kwamfuta ce irin na Legas da Abuja, tayoyin baya ake ɗorawa kan wasu rola masu juyawa a ce ka ja birkin, na'ura ta auna ƙarfin riƙon kowace taya, to in ya yi rauni ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya kamawa sosai faɗuwa za ta yi, ba ruwan na'ura da magiya.

Amma gyaran ba wani abu ba ne fa. Yawanci wayar birkin ce ta saki, ko shu ɗin, wato abin da ke gogar ƙarfe ya riƙe tayar, ya cinye. Camry mai birkin faranti a tayoyin baya akwai ƙananan shu a ɓoye cikin farantin, su ne na birkin hannu, kuma makanikai da yawa sai su ɗaure wayar kawai su ce an gama. A'a, ka ce wa makanikin ya cire taya ya saita shu ɗin tukuna, ya duba ko mai ya zubo a kai, sannan ya taɓa wayar.

Kafin ka je ka samu gangara, ka sa ta a furi, wato ka cire giya, ka ja birkin hannun ka ɗaga ƙafa daga birkin ƙafa a hankali. In ta soma silalewa ka koma gareji kawai.