Tambaya Da Amsa: In Mayar Da Motata Mai Amfani Da Gas?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina jigila tsakanin Sakkwato da Illela. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kusan duk abin da na samu a gidan mai yake ƙarewa. Ɗan yayana da ke karatu a Amurka ya ce jihohin can suna yi wa masu motar gas rangwame. Mu ma akwai irin wannan? Sannan wani bakanike ya ce zai ɗaura mini tukunyar gas ta girki a but da araha. In yarda? Daga wani direba, Runjin Sambo.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta ƙarshe ce ta tayar mini da hankali, da ita zan fara. Don Allah kada ka yarda. Na daɗe a gareji, na san yadda but ke zama da rana tsaka a watan Afrilu, sa'ad da zafin Sakkwato ya haura digiri 40. Gas na kumbura in ya ji zafi. Shi ya sa tankin da aka ƙera don mota yake da abin da ke tsayar da ɗura in ya kai kashi 80 cikin 100, da wani da ke yanke gas da zarar inji ya mutu. Tukunyar girki ba ta da waɗannan. Kuma gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo, kwanciya yake yi a ƙasan but yana jiran tartsatsi, ga fasinja a kujerar baya.

Gas ɗin ma iri biyu ne. Akwai LPG, na girki ke nan, akwai kuma CNG, wato iskar gas da ake matsewa cikin tukunya mai ƙarfi, wanda gwamnati ta fi tallatawa. Matsin CNG ya ninka na LPG fiye da sau 20. A watan Oktoba na 2024 mota ta tarwatse a wajen ɗurar CNG a birnin Benin na jihar Edo, saboda tukunyar da ke cikinta haɗin walda ce.

Ɗan yayanka ya yi gaskiya. Tun 1992 dokar tarayyar Amurka ta sa LPG cikin makamashin da ke iya maye gurbin fetur, jihohi kuma kowace ta yi nata tsarin: wata ta rage haraji, wata ta taimaka wa makarantu su sayi bas mai gas. Nan kuwa kundin tsarin mulki ya bar mai da gas a hannun tarayya, don haka sauƙin daga Abuja yake zuwa. Buhari ya ƙaddamar da shirin gas na motoci a Disamban 2020, Tinubu ya kafa shirin CNG a 2023, a 2024 kuma aka ɗauke harajin VAT daga gas ɗin da kayan mayar da mota mai amfani da gas. A ganina jiha ma tana da abin yi, tun da kuɗin rajista da sabunta takardu da filin gina wurin ɗurar gas duk a hannunta suke. Ku kai wannan koke ta ƙungiyarku ta direbobi.

Babbar matsalarmu ita ce inda za a sha. Bututun gas da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajakuta ta jihar Kogi, mai tsawon kilomita 614, ta Kaduna ya bi, a Kano zai tsaya. Namu sai dai a kawo a mota. Kafin ka kashe ko sisi, ka je da ƙafarka ka ga inda za ka riƙa ɗura, ka tambayi direbobin da ke sha a wurin kwana nawa ake yi babu. In ka gamsu, ka kai motar cibiyar da gwamnati ta amince da ita, ka karɓi takardar tukunyar, kuma ka ce a bar maka tankin fetur ɗinka yana aiki.