Me ya sa ƙarin albashi ke maƙalewa kafin ya kai ma'aikatan ƙananan hukumomi da makarantu?

Tambaya: Ni malamar firamare ce, maigidana kuma ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Duk lokacin da aka sanar da ƙarin albashi, sai mu ji ma'aikatan gwamnatin tsakiya sun gani a asusunsu, mu kuwa shiru, wani lokaci har a shafe shekara. Kuma ko da takardun karatunmu ɗaya ne, albashinmu bai kai nasu ba. Shin raina aikinmu ake yi, ko akwai wani dalili da ba mu sani ba?

Amsa: Malama, ba zan ce miki babu raini a ciki ba, amma rainin kaɗai bai isa ya bayyana abin da kike gani ba. Tushen matsalar shi ne, wanda yake sanar da ƙarin albashi daban, wanda zai zaro kuɗin ya biya daban. Gwamnatin tsakiya ce ke riƙe da manyan hanyoyin samun kuɗi, wato harajin kamfanoni da na shigo da kaya da kuɗin ma'adinai. Ƙaramar hukuma kuwa an bar mata ƙananan haraji, sannan an ɗora mata ayyukan da suka fi cin ma'aikata: makarantun firamare, ɗakunan shan magani, kwashe shara. Waɗannan ayyuka ne da inji ba ya yi, dole sai mutum.

Bari mu yi lissafi mai sauƙi. A ce wata ƙaramar hukuma tana samun 100 a wata, albashi yana cin 80. Idan aka yi ƙarin kashi 10 cikin ɗari, albashin ya koma 88. Abin da ya rage na alli da kujeru da magani da gyaran rufin aji ya faɗo daga 20 zuwa 12, wato an zaftare kusan rabinsa. Idan ƙarin kashi 30 ne, albashi ya zama 104, ya haura duk abin da ke shigowa. A nan ne ma'ajin hukumar ke fara dabarun da kika sani: a biya rabin albashi, a dakatar da ƙarin girma, a ƙi maye gurbin waɗanda suka yi ritaya, ko a riƙe kuɗin fansho da aka cire daga albashinku ba a kai shi inda ya kamata ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi ɓata mini rai, domin ma'aikaci ba ya ganewa sai ranar da ƙarfinsa ya ƙare.

Kada ki ɗauka cutar ƙasashe matalauta ce kawai. A Amurka, gwamnatin tarayya ba ta ba da fiye da kusan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin makarantun gwamnati a yawancin shekaru. Sauran jihohi ne da gundumomi ke ɗauka, kuma gundumomin sun dogara ne da harajin gidaje da filaye. Saboda haka unguwar masu kuɗi tana iya biyan malamanta da tsoka, ta talakawa kuwa sai haƙuri. An kai wannan ƙara har Kotun Ƙoli, amma a 1973, a shari'ar wata gundumar makarantu ta San Antonio da ke jihar Texas, kotun ta ce bambancin bai saɓa wa tsarin mulkin tarayya ba. A 2018 sai da malaman jihar West Virginia suka rufe makarantu na tsawon kwana tara na karatu kafin su samu ƙarin kashi 5 cikin ɗari.

A Ingila kuma, cikin makaranta ɗaya ana samun tsarin albashi biyu. Na malamai, wani kwamiti mai zaman kansa ne ke ba ministan ilimi shawara a kai. Na mataimakan malamai da masu dafa abinci da masu shara, ana cinikinsa ne tare da na sauran ma'aikatan ƙananan hukumomi, tsakanin wakilan hukumomin da ƙungiyoyin ƙwadago uku, UNISON da GMB da Unite. A 2022 da 2023 sun daidaita a kan ƙarin fam 1,925 a shekara ga kusan kowa, maimakon kaso cikin ɗari. Dabara ce mai kyau ga na ƙasa, don ƙarin bai-ɗaya ya fi yi wa mai ƙaramin albashi tasiri. Sai dai hukumomin su za su nemo kuɗin daga kasafinsu, kuma doka ta ƙayyade yawan ƙarin harajin gidaje da za su iya yi ba tare da ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ba. A Satumbar 2023, hukumar birnin Birmingham ta sanar cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, kuma babban abin da ya durƙusar da ita bashin ma'aikata mata ne da aka daɗe ana biya ƙasa da takwarorinsu maza.

Akwai wata matsala ta biyu, wato kuɗin ya fito amma ya tsaya a hanya. Najeriya misali ce. A tsarin rabon asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Amma sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta nan kuɗin ke bi. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma a watan ne aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000. Duk da haka, a 2025 malaman firamare na Abuja sun shafe watanni suna yajin aiki kan rashin biyansu sabon albashin. Tallafin da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, yawanci gini da kayan aiki da horar da malamai yake tafiya, ba albashin wata-wata ba. Shi ya sa za ki ga sabon aji da fenti yana sheƙi, malamar cikinsa kuwa tana bin bashin wata biyu.

Mutane da yawa na ganin da zarar an ba ƙaramar hukuma kuɗinta a hannu, magana ta ƙare. Ni ban yarda ba. Biya kai tsaye yana toshe ɓarakar hanya, amma ba ya mai da hukuma matalauciya mai arziki. Wadda ke da malamai da yawa da ƙaramin kaso za ta ci gaba da kasa biya, har ma ta fi shiga matsi idan a da ana cike mata giɓi daga tukunyar haɗaka.

Ƙasashen da suka ɗan shawo kan abin sun bi ɗaya daga hanyoyi biyu. Wasu sun ɗauke albashin malamai daga wuyan ƙananan hukumomi gaba ɗaya. A Faransa malamin firamare ma'aikacin gwamnatin ƙasa ne, hukumar gari gini da sauran ma'aikatan makaranta take ɗauka. A Kenya ma hukuma guda ce ta ƙasa ke ɗaukar malaman firamare da sakandare tana biyansu. Hanya ta biyu ita ce ta Brazil, kuma ita ta fi burge ni. Suna da asusu mai suna FUNDEB, inda jihohi da ƙananan hukumomi ke zuba wani kaso na harajinsu, a sake raba shi gwargwadon yawan ɗaliban da kowa ke da su, gwamnatin tarayya kuma ta ƙara wa yankunan da suka gaza. An mai da asusun na dindindin a 2020, tare da sharaɗin aƙalla kashi 70 cikin ɗari ya tafi ga albashin ma'aikatan ilimi. Tun 2008 kuma suna da dokar mafi ƙarancin albashin malami ta ƙasa baki ɗaya. Har yanzu akwai shugabannin ƙananan hukumomi da ke kukan ba za su iya ba, amma aƙalla dokar albashin tana tafe da asusun da za a biya daga ciki.

Saboda haka idan aka sake sanar da ƙari, kafin ki fara murna, ki tambayi wakilin ƙungiyarku daga wane asusu za a biya, kuma ko an sa shi a kasafin bana. Ki bincika ko ƙarin ya shiga ainihin albashi ne ko alawus ne, domin alawus ana iya janye shi, kuma sau da yawa ba ya shiga lissafin fansho. Ki gwada shi da hauhawar farashi: ƙarin kashi 10 a shekarar da kaya suka tashi da kashi 20 ragi ne aka yi miki. Sannan ku riƙa karɓar takardar bayanin albashi duk wata kuna adanawa, ke da maigidan, kuna duba matakin da aka rubuta muku da abin da aka cire. Ranar da za a zauna lissafin bashin ƙarin da ba a biya ba, da waɗannan takardun za ku kafa hujja.