Warin gas a kicin alhali murhu a kashe yake

Kin ce kina jin warin gas da safe ko da murhun a kashe yake. 'Yar'uwa, kada ki yi wasa da wannan. Rufe kan tukunyar gas ɗin tukuna, ki buɗe ƙofa da tagogi. Kada ki ƙyasta ashana, kada ma ki taɓa makunnin lantarki, ɗan tartsatsin cikinsa ya isa ya ta da gobara. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru, shi ya sa nake tsoronsa da dare. In warin ya fita, shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗarsa, sannan ki buɗe kan tukunyar gas ɗin a hankali, murhu a kashe. Inda kumfa ya taso, nan ke yoyo. Tiyon da ya tsage canja shi ake yi, ba a ɗaure shi da leda.