Ku Tambaya Mu Amsa: Ina Yarinya Mai Zane Za Ta Baje Aikinta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata shekarunta 15, ta ƙware a zane da fensir da gawayi, har zanen ya cika mana akwati. Ta yaya za a rataye aikinta a gidan tarihi jama'a su gani? Daga wata uwa a Garwa, Kamaru.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya ta. Gidajen tarihinmu yawanci tsofaffin kaya suke ajiyewa, ba kasafai suke da bangon sabon zane ba. Ku fara da cibiyoyin al'adu, irin su Alliance Française ta nan Garwa, da kuma makarantarta. Kada ta je ita kaɗai. Yara biyar ko shida tare da malaminsu sun fi samun shiga, domin mai zaure yana son abin da zai cika bango ya jawo iyaye.

Lokuta biyu ne suka fi dacewa: makon bikin matasan Kamaru na 11 ga Fabrairu, da ranar gidajen tarihi ta duniya, 18 ga Mayu. A kai takardar neman baje zanen wata uku kafin nan.

Ta zaɓi zane 8 zuwa 10, ba duk akwatin ba. A ɗauki hoton kowanne da safe a inuwa, wayar tana fuskantar takardar sak, kada a kunna fitilarta, don tana wanke baƙin gawayi ya koma toka-toka. A rubuta sunan zanen, shekara, abin da aka yi shi da shi, da tsawo da faɗi a santimita. Sai gajeriyar wasiƙa da Faransanci, da sa hannunki ko na mahaifinta, tunda ƙaramar yarinya ce.

Inda ake yawan yin asara shi ne wajen sa firam. Gawayi ba ya kama takarda da kansa, yatsa ɗaya ya isa ya ɓata aikin mako guda. A fesa masa maganin da masu kayan zane ke kira fixatif, daga nisan santimita 30, sama-sama sau biyu, a bari na farko ya bushe. Kada gilashi ya taɓa zanen: a yanka kwali mai kauri kamar taga a sa tsakani, in ba haka ba danshin damina zai manne su, fumfuna ta fito. A rufe bayan firam saboda ƙurar hunturu da gara. Salatif kuwa a guje shi, zafin Garwa yana narkar da gam ɗinsa ya bar tabon ruwan ɗorawa. Wajen ratayewa, tsakiyar zanen ya kai kimanin santimita 150 daga ƙasa, nesa da hasken rana.

Kada ku bar ko zane ɗaya sai an ba ku takardar shaida mai adadin zanen, ranar karɓowa, da kason cibiyar idan an sayar.

TAMBAYA: Ana barin ɗalibi ya zauna ya yi zane a cikin gidan tarihi? Daga wani ɗalibi a Njamena.

AMSA: Samari, nemi izinin ma'aikata tun daga ƙofa, ka shiga da fensir da ƙaramin littafi kawai, ban da tawada da fenti. A gidan tarihi na ƙasa fara da mutum-mutumin yumɓu na mutanen Sao, waɗanda suka zauna a yankin Tafkin Chadi a zamanin da, ka zana guda ɗaya ta gaba da ta gefe. Ka kuma leƙa Gawi, ƙauyen ƙabilar Kotoko da ke kusa da birni, ka ga tukwane da adon bango, amma ka gaida masu gida ka nemi yardarsu kafin ka buɗe littafi.